Hudson Taylor, Mutumin da Ya Koyi Hutawa Bisa Amincin Allah

A lokacin biki irin wannan al'ada ce mu waiwaya baya mu ƙidaya abin da aka yi: majami'u nawa aka gina, makarantu nawa aka buɗe, mutum nawa aka yi wa baftisma. Wannan ba laifi ba ne, gama mai godiya yakan so ya san yawan abin da aka ba shi. Amma akwai tarko a ciki. Mutum yakan fara ƙidaya da sunan Allah, ya ƙare da sunan kansa. Domin wannan muka ga ya kamata mu sa labarin wani bawan Allah cikin ɗan littafin nan, ko da shi ke bai taɓa taka ƙasarmu ba. Sunansa James Hudson Taylor, mutumin Ingila, wanda ya ba da ransa domin kai bishara ƙasar Sin. Sau biyu ya koyi dogara ga Allah. Da fari ya koya domin abincin bakinsa. Daga baya, shekara 20 bayan tubarsa, ya koya domin zuciyarsa. Koyo na biyun nan shi ne ya fi wuya, shi ne kuma ya fi shafarmu.

Ƙuruciyarsa da Tubarsa

An haifi Hudson Taylor ran 21 ga Mayu, 1832, a garin Barnsley cikin arewacin Ingila. Ubansa mai kantin magani ne, yana kuma wa'azi a majami'un Metodis ba da albashi ba. Yaron ya tashi cikin gidan addu'a, amma tashi cikin gidan addu'a bai sa mutum ya zama mai bi. Da ya kai shekara 15 ya shiga aikin banki, ya faɗa cikin samari masu yi wa addini ba'a, zuciyarsa kuwa ta yi sanyi. Ya yi ƙoƙari ya mai da kansa Krista da ƙarfinsa, ya kasa, har ya fara tsammani shi ba mai samun ceto ba ne.

Wata rana cikin watan Yuni, 1849, yana da shekara 17, ya rasa abin yi, sai ya ɗauki wata 'yar takardar bishara cikin littattafan ubansa. Nufinsa ya karanta labarin da ke farkonta, ya bar wa'azin da ke ƙarshe. Yana cikin karatu ya tarar da magana a kan aikin Kristi wanda ya riga ya cika. Sai ya tambayi kansa, mene ne ya cika? Ya tuna da maganar ƙarshe ta Ubangiji a bisa gicciye, wadda ke rubuce cikin Yohanna sura 19. Ya gane an riga an biya bashin zunubi duka, ba saura. Idan kuwa ba saura, me ya rage masa, in ba ya durƙusa ya karɓa da godiya ba? Haka kuwa ya yi.

A wannan yini uwarsa tana baƙunci a wani gari mai nisa. Ta kulle kanta cikin ɗaki tana roƙon Allah domin ɗanta, ba ta tashi ba sai da ta sami tabbaci a zuciyarta an amsa mata. Ƙanwarsa Amelia ita ma ta yi makonni tana yi masa addu'a sau uku kowace rana. Kafin shekarar ta ƙare ya tabbata Allah yana kiransa zuwa ƙasar Sin. Ya samo Bishara ta Luka cikin harshen Sinawa, ya fara koyon rubutunsu shi kaɗai.

Makarantar Talauci a Hull

A 1851 ya tafi garin Hull ya zama yaron wani likita mai suna Robert Hardey, domin ya koyi aikin magani. Ya kama ɗakin haya a unguwar matalauta, yana cin kunu da shinkafa, yana ba da yawancin albashinsa. Ya yi tunani, idan ya kai ƙasar Sin ba shi da kowa sai Allah, ya kamata ya koyi roƙonsa tun yana gida. Likitan mutumin kirki ne amma mai mantuwa, ya kuwa ce wa Taylor ya riƙa tuna masa idan lokacin albashi ya yi. Taylor ya ƙudura ba zai tuna masa ba, sai dai ya gaya wa Allah.

Ananan lokacin albashi ya wuce, likita bai tuna ba, har abin da ya rage wa Taylor duka duniya kuɗin azurfa ne ƙwaya ɗaya tak, wanda darajarsa sule biyu da sisi ce. Ran Lahadi da dare wani matalauci ya roƙe shi ya zo ya yi wa matarsa addu'a, tana bakin mutuwa. Ya tarar da 'ya'ya yunwa ta rame su, ga uwa kwance, ga jariri a gefenta. Ya ce a ransa, da kuɗin nan a warwatse suke, da ya ba su sule guda ya riƙe saura. Ya buɗe baki ya ƙarfafa su da cewa akwai Uba a sama, sai zuciyarsa ta kira shi munafuki, gama yana gaya wa waɗansu su dogara ga Allah, shi kuwa ya dogara ga abin da ke aljihunsa. Ya durƙusa domin addu'a, maganar ta sarƙe masa a wuya. Daga ƙarshe ya zaro kuɗin ya miƙa wa mutumin, ya koma gida hannu wofi, amma zuciyarsa fari fat.

Gari na wayewa aka kawo masa wasiƙa, ba sunan mai aikowa. A ciki akwai safar hannu, da kuɗin zinariya na sule goma, wato ninki huɗu na abin da ya bayar. Matar nan kuma ta rayu. Wannan abu ƙanƙane ne, amma bai manta da shi ba har tsufansa.

Shekarun Fari a Ƙasar Sin

Bayan ya ƙara karatun likita a Landan, ya shiga jirgin ruwa a Liverpool ran 19 ga Satumba, 1853. Wata ƙungiya ta masu son kai bishara ƙasar Sin ce ta aike shi. Ya sauka Shanghai ran 1 ga Maris, 1854, yana da shekara 21, ya tarar ana yaƙin basasa, harsashi na faɗuwa kusa da masaukinsa. A zamanin nan masu bishara Turawa suna zaune a biranen bakin teku guda biyar kaɗai, inda yarjejeniya ta yardar musu. Cikin ƙasa kuwa, inda yawancin jama'a suke, ba mai zuwa.

Ya lura idan ya tsaya wa'azi mutane tufafinsa suke kallo, ba su jin maganarsa. Saboda haka a 1855 ya aske gaban kansa, ya sa dogon tukku a ƙeya yadda mazan Sinawa ke yi a lokacin, ya sa riga irin tasu. Turawa 'yan'uwansa suka yi masa dariya, waɗansu suka ce ya zubar musu da mutunci. Amma ƙofofin gidaje suka fara buɗe masa.

A 1857 ya ji ƙungiyar da ta aike shi bashi take ci tana biyansa. Ya ga wannan bai yi daidai da koyarwar Romawa sura 13 ba, sai ya ajiye aikinta, ya zauna a birnin Ningbo ba shi da albashi daga kowa. A nan ya auri Maria Dyer ran 20 ga Janairu, 1858, 'yar masu bishara ce wadda ta iya harshen ƙasar ƙwarai. A nan kuma wani ɗan kasuwar auduga mai suna Ni, wanda dā shugaba ne cikin masu bin addinin Buda, ya ba da gaskiya. Da ya ji mutanen Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru da bishara a hannunsu, ya yi baƙin ciki, gama ubansa ya nemi gaskiya shekaru da yawa ya mutu bai same ta ba. Wannan magana ta soki Taylor har zuci.

A 1859 asibitin mishan na Ningbo ya faɗo hannunsa, ba tare da kuɗin tafiyar da shi ba. Wata safiya kuku ya gaya masa an buɗe buhun shinkafa na ƙarshe. Kafin buhun ya ƙare wasiƙa ta iso daga wani abokinsa a Ingila mai suna William Berger, da fam 50 a ciki. Marasa lafiya da suka ga wannan da idonsu suka yi ta mamaki. Amma aiki ya karya lafiyarsa, a 1860 dole ya koma Ingila.

A Bakin Teku

Ya yi kusan shekara shida a Landan. Ya gama jarrabawar likita a 1862, ya yi aikin gyaran fassarar Sabon Alkawari cikin harshen Ningbo. Kullum taswirar ƙasar Sin tana rataye a bangonsa. Ya ƙidaya larduna 11 na cikin ƙasa waɗanda ba su da mai bishara ko ɗaya. Ya roƙi manyan ƙungiyoyin mishan su aika, suka ce ba mutane, ba kuɗi. Ya san Allah yana so shi ne ya fara, amma tsoro ya kama shi. Ba tsoron rashin kuɗi ba, gama wannan ya riga ya koya. Tsoronsa shi ne, idan ya kai samari da 'yan mata wurin haɗari, suka karai, ko suka mutu, alhakinsu yana wuyansa. Ya yi watanni barci ba ya zuwa masa sosai.

Ran Lahadi 25 ga Yuni, 1865, yana garin Brighton, ya ga jama'a cike da majami'a suna murna da cetonsu, miliyoyi kuwa suna mutuwa ba su ji ba. Ya kasa zama, ya fita ya yi ta yawo bisa rairayin bakin teku. A can ya gane, idan bawa ya tafi bisa ga umurnin ubangijinsa, nauyin abin da ya biyo baya na ubangijin ne. Ya miƙa kansa, ya roƙi ma'aikata 24, biyu biyu domin kowane lardi, biyu kuma domin Mongoliya. Ya rubuta wannan roƙo a gefen Littafinsa Mai Tsarki. Cikin makon nan ya ajiye fam 10 a banki da sunan sabuwar ƙungiya, China Inland Mission, wato mishan ta cikin ƙasar Sin.

Ga ka'idodinta. Ba za a ci bashi ba. Ba za a roƙi kowa kuɗi ba. Ba a yi wa ma'aikaci alkawarin albashi, abin da ya shigo shi za a raba. Za a karɓi masu bi daga kowace ɗarika, har maƙera da masassaƙa waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, har da mata marasa aure. Kowa zai sa tufafin Sinawa. Ran 26 ga Mayu, 1866, Taylor da iyalinsa da ma'aikata 16 suka tashi cikin jirgin da ake kira Lammermuir. Guguwar teku ta buge su sau biyu, jirgin ya isa Shanghai a ragargaje a ƙarshen Satumba, amma ba wanda ya rasa ransa.

Shekarar Duhu da Haske

Wanda ya karanta labarin nan zuwa nan zai ce, ai wannan mutum ya gama koyon bangaskiya. Ashe da saura.

Wahala ta yi ta zuwa bi da bi. Waɗansu abokan aikinsa suka yi masa gardama a kan tufafi, har aka rabu. A watan Agusta, 1867, 'yarsa ta fari, Grace, ta mutu tana da shekara 8. A watan Agusta, 1868, a birnin Yangzhou, aka baza ƙarya wai baƙin nan suna satar yara, dubban mutane suka auka wa gidansu suka sa wuta. Maria, tana da ciki, sai da ta diro daga bene. Hukumar Ingila ta aiko da jiragen yaƙi, abin da Taylor bai roƙa ba, amma laifin ya komo kansa. Jaridun Ingila suka zage shi, aka yi maganarsa a Majalisa a 1869, masu ba da taimako da yawa suka janye hannu. George Müller, mai renon marayu a Bristol, yana cikin waɗanda suka tsaya da shi, har ya ƙara abin da yake aikowa.

Amma abin da ya fi damunsa yana cikin ƙirjinsa. Ya ga kansa mai saurin fushi, mai gajen haƙuri, mai maganar da yakan yi nadama a kanta. Kowace safiya yakan ƙudura ba zai ɗauke zuciyarsa daga Kristi ko na ƙiftawar ido ba. Kafin azahar zafi da yawan aiki da damuwar mutane sun sa ya manta. Ya yi addu'a, ya yi azumi, ya ƙara karatun Littafi, ya ɗauki alkawari bisa alkawari. Duk a banza. Ya san cikin Kristi akwai dukan abin da yake bukata, amma yaya zai ɗebo? Ya ce da bangaskiya ake ɗebowa, sai ya koma ƙoƙarin ƙara bangaskiyarsa, nan ma ya kasa. Ya zama kamar mai ƙishi a bakin rijiya, yana ta tufka igiya tana tsinkewa. Ga shugaban mishan, mai koya wa waɗansu, yana gab da fid da zuciya.

Ran 4 ga Satumba, 1869, a birnin Zhenjiang, ya buɗe wasiƙa daga wani ƙaramin abokin aikinsa, John McCarthy, wanda shi ma ya sha irin wannan fama. Abin da wasiƙar ta nuna masa shi ne, bangaskiya ba ta ƙaruwa ta wurin kokawa domin a same ta. Tana ƙaruwa sa'ad da mutum ya bar duban bangaskiyarsa, ya dubi Mai aminci, ya jingina gare shi. Yana karantawa idonsa ya buɗe. Ya tuna da 2 Timoti sura 2, inda aka nuna rashin amincinmu ba ya rushe amincin Kristi. Ya tuna da alkawarin Ubangiji cewa ba zai rabu da nasa ba. Ya sake duban misalin itacen inabi da rassansa cikin Yohanna sura 15. Dā yana ƙoƙari ya tsotso ƙarfi daga itacen kamar shi baƙo ne a waje. Yanzu ya ga shi reshe ne tun ran da ya ba da gaskiya. Reshe ba ya wahala domin ya manne, a manne yake, ruwan itacen kuwa shi ke hawa cikinsa da kansa.

A watan Oktoba ya rubuta wa ƙanwarsa Amelia doguwar wasiƙa a kan wannan. A ciki ya ba da misalin yaron gida da aka aika kasuwa. Ko abin kwabo aka aike shi saye, ko abin fam ɗari, duk ɗaya ne gare shi, gama kuɗin maigida ne. Haka kuma idan Allah ya sa bawansa wuri mai wuya, shi ne zai ba da alherin da ya isa wurin. Bai ce ya daina zunubi ba. Abin da ya ce shi ne, idan ya faɗi yanzu yakan tuba nan da nan ya tashi, gama bai bar zama reshe ba. Abokan aikinsa suka shaida ya sāke. Mutumin da dā kullum yana ɗauke da kaya ya zama mai fara'a. Ya bar raba dare yana aiki, ya riƙa kwanciya da wuri, yana tashi da asuba domin karatun Littafi da addu'a.

Mu duba da kyau. Abin da ya gane a 1869 shi ne abin da ya gane a 1849. Yana yaro ya yarda Kristi ya gama aikin cetonsa. Amma ya yi shekara 20 yana tsammani zaman tsarki aikinsa ne shi kaɗai.

Wuta Ta Gwada Zinariya

Ba a daɗe ba aka gwada abin da ya koya. A watan Fabrairu, 1870, ɗansa Samuel ya mutu yana da shekara 5. A watan Maris ya sallami manyan 'ya'yansa uku zuwa Ingila saboda lafiyarsu. A watan Yuni aka kashe Turawa da Sinawa masu bi a birnin Tianjin, tsoro ya rufe dukan tashoshin mishan. A watan Yuli Maria ta haifi ɗa, aka sa masa suna Noel, ya yi kwana 13 ya mutu. Bayan kwana uku, ran 23 ga Yuli, ita ma ta bi shi, tana da shekara 33.

Kada mu ce bai ji zafi ba. Ya yi kuka, ya kwanta ciwo, gidan ya yi masa faɗi. Amma bai koma ga tsohon halinsa na tuhumar kansa da kokawa ba. Ya riƙe kiran Yesu ga masu ƙishi, wanda ke cikin Yohanna sura 7. Sau da yawa a yini ɗaya, dare da rana, yakan kai ƙishin zuciyarsa wurin Ubangiji yadda yake, ya kuwa shaida an shayar da shi. Dogara ga Allah ba ta hana kabari buɗewa ba. Abin da ta yi, ta hana kabarin haɗiye shi.

Aikin Mai Hutawa

Wani zai ce, mutum idan ya huta bisa Allah ai sai ya naɗe hannu. Labarin Taylor ya ƙaryata wannan. Yawancin aikinsa bayan 1869 ya yi shi. A 1871 ya auri Jennie Faulding, ɗaya daga cikin waɗanda suka zo cikin Lammermuir. A 1874 ya faɗi cikin jirgin kogi ya bugu a ƙashin baya, ya yi watanni kwance a Landan ba ya iya tashi. Yana kwance, da taswira a gindin gadonsa, ya roƙi Allah ma'aikata 18 domin larduna tara da suka rage, aka kuwa ba shi. A 1876 aka yi yarjejeniyar Chefoo wadda ta sauƙaƙa wa baƙi tafiya cikin ƙasa, ga mutanensa a shirye. A 1881 suka roƙi 70, aka ba su fiye da haka cikin shekara uku. A 1885 samari bakwai da ake kira Bakwai na Cambridge suka bi shi, cikinsu har da C. T. Studd, shahararren ɗan wasa. Suka roƙi 100 domin shekarar 1887, mutum 102 suka tashi.

Bai roƙi kuɗi ba, amma bai ɓoye bukatar ƙasar Sin ba. Ya rubuta littafi, ya buga jarida kowane wata tun daga 1875, ya yi yawon wa'azi har Amurka da Ostareliya, ya riƙe lissafin kowane kwabo. Sau 11 ya tafi ƙasar Sin.

A 1900 'yan tawayen da ake kira 'Yan Dambe suka tashi a kan baƙi da masu bi. Dubban Sinawa Krista suka mutu saboda sunan Yesu. Mishan ɗin Taylor ta rasa ma'aikata 58 da yara 21, fiye da kowace mishan. Shi kuwa yana Suwizalan, tsoho, marar lafiya, labari yana zuwa ta waya ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya wa na kusa da shi ƙarfin karatu ya ƙare masa, ƙarfin addu'a ya ƙare, tunani ma da ƙyar, abin da ya rage masa dogara ce kaɗai. Da ƙura ta lafa, mishan ta ƙi karɓar diyyar rai ko ta dukiya, domin Sinawa su ga tawali'un Kristi. D. E. Hoste ya gaje shi a shugabanci a 1902. Jennie ta rasu a 1904. Ya koma ƙasar Sin tafiya ta ƙarshe, ya rasu a birnin Changsha ran 3 ga Yuni, 1905, yana da shekara 73. Aka binne shi a Zhenjiang kusa da Maria. A lokacin nan ma'aikatan mishan ɗin sun wuce 800.

Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949, dukan ma'aikatan nan suka fita, na ƙarshe a 1953. Mutane suka ce aikin ya mutu. Amma ekklesiyar Sin ta rayu ba Bature ko ɗaya, ta sha tsanani, ta kuwa ƙaru har masu bi suka kai miliyoyi. Mai gonar bai tafi tare da 'yan ƙodago ba.

Abin da Ya Shafe Mu

Hanyar da Taylor ya bi ta zama gurbi ga waɗansu mishan da suka nufi cikin ƙasashen Afirka. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan, ba wata babbar ƙungiya a bayansu. Biyu suka mutu a 1894. Daga wannan ƙaramin mafari Sudan Interior Mission ta fito, wadda ta kai Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Saboda haka labarin mutumin nan ba na nesa ba ne gare mu.

'Yan'uwa, mu masu bishara mun san gajiyar da ya sha, ba za mu ɓoye muku ba. Mun sha yin wa'azin alheri a kasuwa da safe, da dare mu kwanta muna auna kanmu kamar masu awon hatsi, muna ganin mudu bai cika ba. Da yawa cikinmu mun bar dangi da gādo saboda Kristi. Mun dogara gare shi domin tuwo a shekarar fari, bai kuwa kunyatar da mu ba. Amma idan fushi ya kāshe mu, ko tsohon hali ya komo, sai mu ce bari mu gyara kanmu tukuna, sa'an nan mu koma wurinsa. Waɗansu sun yi ta wannan gyara har suka gaji, suka koma baya. Ba tsanani ne ya kore su ba, nauyin da ba a ɗora musu ba ne ya karya su.

Hausawa sukan ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Akwai gaskiya a ciki, gama manomin da bai yi shuka ba ba zai girbe ba. Amma wane manomi ne ya taɓa sa ƙwayar gero ta tsiro da ƙarfin damtsensa? Nasa shuka da noma. Rai da ruwa daga sama suke. Mu dubi kuma jariri a bayan uwarsa. Yakan damƙe rigarta da ɗan hannunsa, barci ya kwashe shi, hannun ya saki, amma ba ya faɗuwa, gama goyon ba a hannunsa yake ba. Haka mai bi yake. Addu'a da karatun Littafi da zuwa sujada ba kuɗin da muke biya ba ne domin Kristi ya riƙe mu. Muna yinsu domin ya riga ya riƙe mu.

Saboda haka wanda ya faɗi jiya, kada ya jira sai ya wanke kansa. Ya zo yau yadda yake, ya faɗi laifinsa, ya tashi. Wanda yake ganin bangaskiyarsa ƙanƙanuwa ce, ya bar aunata, ya dubi wanda ya ba da gaskiya gare shi. Mu kuma da muke bikin shekarun da suka wuce, sa'ad da muke ƙidaya majami'u da makarantu, mu tuna reshe ba ya yin fahariya da 'ya'yan da ke jikinsa. Wanda ya riƙe iyayenmu cikin bangaskiya shi ne zai riƙe 'ya'yanmu. Allah ya ba mu hutawa bisa amincinsa, ya kuma sa mu yi aiki daga cikin wannan hutawa, har ran da za mu gan shi ido da ido. Amin.